Mutum Ɗaya Ne Ko Biyu? Muhawara Kan Alheri da Sharri a Tsofaffin Littattafan Adabi

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana gaban wannan zaure domin mu tattauna ta a tsanake. A shekarar 1886 Robert Louis Stevenson, marubucin nan ɗan ƙasar Sikotland, ya fitar da labarin Dakta Jekyll da Mista Hyde. Littafin ƙarami ne, ana iya gama shi a zama ɗaya, amma tambayar da ya ajiye har yau ba a gama amsa ta ba. Ga waɗanda ba su karanta ba, Jekyll likita ne mai dukiya da mutunci a birnin Landan, wanda tun yana saurayi yake ɓoye wasu sha'awoyi da yake jin kunyar a san shi da su. Ya haɗa wani magani da idan ya sha sai kamanninsa su sauya gaba ɗaya, ya koma Hyde, mutumin da ba ya tausayin kowa kuma ba ya kunyar komai. Hyde ne ya tattake wata ƙaramar yarinya a kan titi cikin dare ya wuce abinsa tana kururuwa, kuma shi ne daga baya ya kashe wani dattijo ɗan majalisa, Sir Danvers Carew, da duka, har sandar ta karye gida biyu.

A takardar da Jekyll ya bari kafin ajalinsa ya ce bincikensa ya kai shi ga gane cewa ɗan Adam ba ɗaya ba ne, biyu ne. Ni na yarda da wannan magana, kuma ina ganin Stevenson bai ƙago ta daga iska ba. A garinsu, Edinbara, an taɓa yin wani kafinta mai suna William Brodie, ɗan majalisar gari da rana, ɓarawo mai fasa gidaje da dare, wanda aka rataye a 1788, kuma Stevenson ya san labarinsa sarai tunda har wasan kwaikwayo ya taɓa rubutawa a kansa tare da wani abokinsa. Tambayata ita ce: shin wannan hoton na mutum biyu a jiki ɗaya shi ne mafi gaskiya cikin hotunan da adabi ya zana wa halin ɗan Adam, ko akwai wanda ya fi shi?

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin wannan maudu'i, amma ban yarda da inda ka tsaya ba. Maganar cewa mutum biyu ne, ta Jekyll ce, kuma Jekyll mai laifi ne da yake rubuta bayanin kare kansa, don haka bai kamata mu ɗauki maganarsa a matsayin hukuncin marubucin ba. Idan muka duba abin da ya auku a labarin, maganin bai raba shi gida biyu ba ko kaɗan. Hyde tsantsar mugunta ne, wannan gaskiya ne, amma Jekyll bai zama tsantsar nagarta ba. Shi da kansa ya amsa cewa bayan shan maganin ya ci gaba da zama yadda yake a da, cakuɗen kirki da rashinsa. Ke nan ba a ware alheri gefe guda da sharri gefe guda ba, sharri kaɗai aka sakar wa mara.

Ka lura da ƙananan abubuwan da Stevenson ya jera. A daren da Hyde ya tattake yarinyar, mutane suka tare shi suka tilasta masa biyan fam 100, sai ya shiga ta ƙofar baya ta gidan Jekyll ya fito da fam 10 na zinariya da cek na ragowar kuɗin mai ɗauke da sa hannun Jekyll. Me likitan ya koya daga wannan dare? Bai ce na cuci yarinya, bari in daina ba. Abin da ya yi shi ne ya buɗe wa Hyde asusu a wani banki dabam, ya riƙa karkata rubutun hannunsa baya domin Hyde ya samu sa hannu nasa na kansa. Da hankalinsa na Jekyll ya yi wannan, ba da haukan Hyde ba. Shi ne ya kama wa Hyde gida a unguwar Soho, shi ne ya rubuta wasiyya ya bar masa dukiyarsa. Ko lokacin da ya tsorata ya yi alkawarin rabuwa da maganin, ya daure wata biyu, bai saki gidan Soho ba kuma bai ƙona tufafin Hyde ba, suna nan a ajiye a ɗakinsa. Wanda ya tuba da gaske ba ya adana kayan komawa laifi. A ganina littafin ba labarin mutum biyu ba ne, labarin mutum ɗaya ne da ya so ya ji daɗin zunubi ba tare da ya ɗauki alhakinsa ba, kuma batun mutum biyun shi ne mafakar da ya gina wa kansa.

Nafisa:
Yaya Rabi, ina da tambaya a nan. Me ya sa aka siffanta Hyde da gajarta da ƙuruciya, har tufafin Jekyll suka yi masa yawa? Na zaci mugunta za a nuna ta a matsayin ƙaton abu mai ban tsoro.

Malam Habibu:
Nafisa, Jekyll ya ba da amsar da kansa. Ya ce mafi yawan rayuwarsa ya yi ta ne cikin aiki da kamun kai, saboda haka ɓangarensa na sharri bai samu motsawa ba, shi ya sa ya fito ƙarami. Daga baya, da ya yawaita sakinsa, sai ya lura jikin Hyde yana ƙara girma, har aka kai ga ranar da ya kwanta a matsayin Jekyll ya farka ya ga hannun Hyde, siriri mai gashi, a kan mayafinsa, ba tare da ya sha komai ba.

Malama Rabi, hujjojinki masu ƙarfi ne, amma wannan safiyar ita ce abin da ya hana ni barin ra'ayina. Da farko Jekyll ne mai zaɓi, na amince. Amma akwai lokacin da zaɓin ya kuɓuce masa, abin da ya reno ya fi ƙarfinsa, yana aika baransa kantunan magani yana neman irin gishirin farko bai samu ba. Duk wanda ya taɓa ganin mutumin da wata ɗabi'a ta kama, yana kuka yana rantsuwa cewa ba zai koma ba kuma ya koma, ya san cewa a cikin ƙirji ɗaya ana iya samun masu so biyu da ba sa ga maciji da juna.

Malam Yakubu:
Allah ya ƙara basira. Ina ganin saɓanin da ke tsakanin Malam Habibu da Malama Rabi malamai sun daɗe da shiga cikinsa, kuma zai yi kyau mu ji yadda suka warware shi, domin ba Turawan ƙarni na 19 ne suka fara wannan tunani ba. A Suratush Shamsi Allah ya yi rantsuwa da rai da wanda ya daidaita shi, ya ce ya kimsa masa fajircinsa da taƙawarsa, sannan ya ce wanda ya tsarkake shi ya rabauta, wanda ya turbuɗe shi ya taɓe. Rai ɗaya aka ambata, mai hanya biyu a gabansa, kuma aka ɗora wa mai shi alhakin inda ya kai shi. Rai mai yawan umurni da mummuna da aka ambata a Suratu Yusuf, da mai yawan zargin kansa na Suratul Ƙiyama, da mai natsuwa na Suratul Fajri, malamai da yawa sun fassara su a matsayin halaye na rai guda, wanda yake hawa yana sauka a tsakaninsu. A ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu biyu kuwa, a Suratul Ma'ida, cewa aka yi ransa ne ya sauƙaƙa masa kashe ɗan'uwansa, kuma shi ɗin ne dai ya wayi gari cikin masu nadama bayan ya ga hankaka yana tona ƙasa.

Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ma wuce biyu. A cikin Ihya'u, a babin abubuwan al'ajabi na zuciya, ya ce kamar a cikin fatar mutum an tara alade da kare da shaiɗan da mai hikima: sha'awa, da fushi, da makirci, da hankali. Aikin mai hikimar ba kashe sauran ba ne, domin ba a rayuwa babu sha'awa ko fushi, aikinsa shi ne ya riƙe linzaminsu. Busiri ma a Burda ya kamanta rai da jariri, idan ka ƙyale shi sai ya girma da son nono, idan ka yaye shi sai ya yayu. Wannan ya yi daidai da girman Hyde da Malam Habibu ya ambata, kuma bai saɓa wa Malama Rabi ba, tunda mai shayarwar shi ne Jekyll.

Akwai wuri ɗaya a littafin da nake ganin duk mai karatun tarbiyyar zuciya zai tsaya a kansa. Bayan kisan Carew, Jekyll ya koma aikin alheri sosai. Wata rana yana zaune a kan benci a lambun Regent, yana shan hantsi, sai ya fara gwada kansa da sauran mutane, yana ganin ya fi su taimako da kirki. A daidai wannan lokacin, da rana tsaka, ya rikiɗe ya zama Hyde. Ba sha'awa ce ta buɗe ƙofar ba a wannan karon, ujubu ne, wato mutum ya ga kyan aikinsa ya ƙayatu da kansa. Na yi mamakin yadda marubucin ya gano cewa sharri yana iya shigowa ta ƙofar aikin kirki.

Malam Bitrus:
Na gode, Malam Yakubu. A namu ɓangaren ma Manzo Bulus ya faɗi irin wannan a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura ta 7, inda yake kukan cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun abin da ba ya so shi yake aikatawa. Stevenson ya tashi a gidan masu riƙo da addini, kuma ina jin amon wannan sura a takardar Jekyll.

Amma ina so in kawo wani marubuci da nake ganin ya fi Stevenson zurfi a wannan fage, wato Dostoevsky na Rasha, musamman a littafinsa na 1866 da aka fi sani da sunansa na Turanci, Crime and Punishment. Dostoevsky bai san masu kisa daga nesa ba, ya yi shekara 4 a kurkukun aikin wahala a Omsk yana kwana yana tashi da su. Raskolnikov, tsohon ɗalibi da talauci ya yi wa katutu a birnin Petersburg, ya kashe wata tsohuwa mai karɓar jingina da gatari, sannan ya kashe ƙanwarta Lizaveta, baiwar Allah da ba ta taɓa cutar kowa ba, don kawai ta shigo a lokacin. Wannan saurayin kuma shi ne wanda ya raka mashayin nan Marmeladov gida, ya ga halin da 'ya'yansa suke ciki, ya ajiye 'yan kuɗin da ke aljihunsa a bakin taga ya fita ba tare da kowa ya gani ba.

Abin da nake so a lura da shi shi ne wanne ne yake riga zuwa. A wajen Stevenson, mugunta ce take fitowa da gudu idan an saki linzami, nagarta kuwa ƙoƙari ce da kamun kai. A wajen Dostoevsky abin ya juya. Duk inda Raskolnikov ya yi alheri, kafin ya yi tunani ya yi shi. Da ya sauko daga gidan Marmeladov, a kan matakala ne ya fara zargin kansa da wauta. Da ya ga wata yarinya a buge a kan titi wani mutum yana bin ta da mugun nufi, nan take ya shiga tsakani, ya ba ɗan sanda kwabbai ashirin na kuɗin Rasha don a kai ta gida, sai bayan ɗan lokaci tunani ya zo masa, ya ɗaga murya ya ce wa ɗan sandan ya ƙyale su, ina ruwansa. Kisan kuwa da hujja ya gina shi, ya rubuta maƙala ya kasa mutane gida biyu, talakawan halitta da fitattu irin su Napoleon waɗanda a ganinsa suke da ikon tsallake doka, ya ƙirga matakan da ke tsakanin ɗakinsa da gidan tsohuwar, ya ɗinka madauki a cikin rigarsa don rataye gatarin. Tausayinsa na asali ne, muguntarsa ce ta koyo. Kuma bayan kisan ko jakar kuɗin bai buɗe ya ƙirga ba, ya tura ta ƙarƙashin wani dutse.

Aminu:
Malam Bitrus ya kawo mu inda nake jira. Idan tausayi ne na asali, to dole mu tambayi wa ya lalata shi, kuma ina ganin duk kun mai da hankali kan zuciyar mutum kun manta da mutanen da ke kewaye da shi. A littafin Mary Shelley na 1818, halittar da Frankenstein ya haɗa ba ta fito da mugunta ba. Ta laɓe kusa da wata bukka tana kallon wasu matalauta, ta daina taɓa abincinsu da ta gane suna cikin yunwa, tana saro musu itace cikin dare ta ajiye a ƙofa. Ranar da ta bayyana gare su aka kore ta da duka. Ta ceci wata yarinya daga nutsewa a ruwa, aka saka mata da harbin bindiga. Sai bayan haka ta fara kisa. Haka Jean Valjean na Victor Hugo, a littafinsa na 1862, ya shiga kurkuku saboda ya saci burodi don 'ya'yan 'yar'uwarsa, ya fito bayan shekara 19 zuciyarsa ta ƙeƙashe, yana ɗauke da takarda mai launin ɗorawa da ke sa kowane masauki ya kore shi. Ba a haife shi da wannan ƙiyayya ba, kurkuku ne ya dasa masa. Kuma alherin mutum ɗaya, limamin cocin da ya ce wa 'yan sanda kayan azurfar kyauta ya ba shi, har ya ƙara masa da alkukai biyu, shi ne ya dawo da shi. Ni a ganina waɗannan marubuta suna cewa ne sharrin mutum galibi amsa ce ga abin da aka yi masa.

Malama Rabi:
Aminu, ka tsaya da labarin Valjean a inda ya yi maka daɗi. Me ya faru bayan ya bar gidan limamin? A wannan ranar, da azurfar a jakarsa, ya haɗu da wani yaro mai suna Petit Gervais yana wasa da kuɗinsa, tsabar ta faɗi ta gangaro, Valjean ya ɗora ƙafarsa a kai ya ƙi ɗagawa, yaron ya yi ta roƙo har ya gudu yana kuka. Ba yunwa ce ta sa shi ba, kuma ba wanda ya zalunce shi a wannan sa'ar, hasali ma an gama yi masa alheri mafi girma a rayuwarsa. Hugo ya sa wannan a wurin da gangan. Alherin limamin bai sauya shi ba sai da ya ga tsabar a ƙarƙashin ƙafarsa ya gane abin da shi da kansa ya zama, sannan ya fashe da kuka, karon farko cikin shekara 19.

Kuma gwajin bai ƙare ba. Bayan ya zama mai masana'anta kuma magajin gari da wani suna dabam, aka kama wani tsoho, Champmathieu, za a yanke masa hukunci a matsayin Valjean. Valjean ya kwana yana kokawa da kansa, kuma duk hujjojin da suke ce masa ya yi shiru hujjoji ne masu kyan gani: ma'aikatansa za su rasa abinci, matar da yake jinya za ta mutu, 'yarta za ta tagayyara. Wannan ya ƙarfafa maganar Malam Bitrus, cewa mugun zaɓi yakan zo da tufafin hankali.

Ga kuma Macbeth na Shakespeare, wanda ba wanda ya zalunta. Jarumi ne da sarki ya gama ɗaukakawa, matarsa ma tsoronta shi ne tausayinsa ya yi yawa. Shi da abokin yaƙinsa Banquo tare suka ji maganar bokayen nan mata uku, kowannensu aka yi masa albishir. Ɗaya ya kashe sarkin da ya sauka a gidansa a matsayin baƙo, ɗayan bai ɗaga hannu ba. Da yanayi ne kaɗai ke yin mugu, da an samu masu kisa biyu a wannan wasa.

Baba Isiyaku:
Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana. Na daɗe ina bin maganar ban sa baki ba. Ina so in tuna muku cewa namu marubutan ma sun taɓa wannan batu, ko da yake ba duka ta hanya ɗaya ba. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, Waziri mugu ne daga farko har ƙarshe, Musa a baki Fir'auna a zuci, kuma ba a nuna mana wani dare da ya kwana yana jayayya da zuciyarsa ba. Irin wannan labari yana da amfaninsa, yana koya wa yaro ya rarrabe fari da baƙi kafin a nuna masa abin da ke tsakaninsu. Amma a Jiki Magayi abin ya sha bamban. Abubakar shi aka fara zalunta, mai kuɗi ya raba shi da Zainab da yake so, kuma mai karatu yana tare da shi a farko. Sai ramuwa ta ci zuciyarsa, ya bi hanyar asiri, ya huce a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanda aka zalunta ya koma azzalumi, kuma da wuya ka nuna shafin da ya tsallaka.

Okonkwo na Chinua Achebe ma haka ne. Yaron nan Ikemefuna ya yi shekara 3 a gidansa yana kiransa uba, kuma wani dattijo ya zo har gida ya gargaɗe shi kada ya sa hannu a kisansa. Da yaron ya rugo wurinsa yana neman ceto, shi ne ya sare shi, don kada a ce masa rago. Bayan haka ya kwana biyu bai ci abinci ba. Ba ƙin yaron yake yi ba, tsoron ya yi kama da mahaifinsa ne ya fi son da yake masa ƙarfi, kuma wannan tsoron shi ne dai ya sa ya zama manomi mai himma da aka san shi a garuruwa tara.

Damuwata guda ce, kuma ina so ku amsa mini. Idan matashi ya saba karanta labaran da ke sa shi tausayin mai kisa, ba ku jin tsoron laifin ya yi sauƙi a idonsa?

Malam Bitrus:
Baba, tambayarka tana da nauyi. Abin da zan ce shi ne waɗannan littattafai suna sa mu fahimci mai laifi, amma ba sa rage wa laifin muni. Dostoevsky bai kawar da idonmu daga Lizaveta ba, ya nuna ta tana ja da baya zuwa lungu, leɓunanta suna rawa kamar na ƙaramin yaro, ko ihu ba ta yi ba. Wanda ya karanta wannan shafi ba zai fita yana ganin kisa abu ne mai sauƙi ba. Ni labarin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda mugu a cikinsa baƙo ne, mai wata kama dabam da tamu, domin mai karatu yana rufe littafin yana da tabbacin cewa shi ba ya cikin haɗari.

Nafisa:
Na gode, Baba, da Malam Bitrus. To ina za mu ajiye William Golding? A littafinsa na 1954 yara 'yan makaranta ne suka tsinci kansu a tsibiri babu babba ko ɗaya, ba wanda ya zalunce su, ba su karanta wata maƙala ba, amma suka ƙare da kashe junansu. Akwai wurin da wani yaro, Roger, yake jifan wani ƙaramin yaro da duwatsu amma yana kauce masa da gangan, saboda tsoron iyaye da malamai bai gama sakinsa ba. Daga baya shi ne ya gangaro da dutsen da ya kashe wani yaro mai suna Piggy. Wannan ba yana nuna cewa tarbiyya ce kawai ke rufe mugunta ba?

Aminu:
Nafisa, Golding ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma abin da ya gani a can ne ya rina masa ido. Labarinsa ƙagagge ne. A 1965 wasu yara shida 'yan ƙasar Tonga sun maƙale da gaske a wani tsibiri mai suna Ata, suka yi kusan wata 15 kafin wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ostireliya ya tsince su. Sun raba aiki a tsakaninsu, sun kula da wutarsu, da ɗayansu ya karye a ƙafa suka ɗora shi har ya warke. Ban ce wannan ya rushe littafin ba, amma bai kamata a ɗauke shi a matsayin shaida kan asalin ɗan Adam ba.

Malam Yakubu:
Wannan jayayya ta asali tsohuwa ce ƙwarai. A ƙasar Sin, tun kafin haihuwar Annabi Isa, Mencius ya ce duk wanda ya ga yaro zai faɗa rijiya gabansa zai faɗi kafin ya yi tunanin lada ko yabo, Xunzi kuma ya zo bayansa ya ce halin mutum karkatacce ne sai an miƙar da shi da koyarwa. Amma a lura, ko a tsibirin Golding akwai Simon, wanda yake tsinko wa ƙananan yara 'ya'yan itacen da hannunsu bai kai ba, alhali babu mai ganinsa balle ya saka masa. Shi ma tarbiyyar ta yi nisa da shi kamar yadda ta yi nisa da Roger.

Malam Habibu:
To bari in tambayi Malam Bitrus abu ɗaya, tunda ya fifita Dostoevsky. Idan tausayi ne asalin Raskolnikov, me ya sa tubarsa ta zo a gurguje a 'yan shafukan ƙarshe? Ni ban gamsu da ita ba. Marubucin ya kwashe ɗaruruwan shafuka yana nuna mana duhun zuciyarsa filla-filla, amma da aka zo kan haske sai ya taƙaita.

Malam Bitrus:
Malam, ba a gurguje ta zo ba, domin a gaskiya ba ta gama zuwa ba har littafin ya ƙare. An yanke masa shekara 8 a Saiberiya, kuma marubucin ya faɗa ƙarara cewa a shekararsa ta farko a can bai yi nadamar kisan ba. Abin da yake zargin kansa da shi kawai shi ne ya kasa jurewa har ya kai kansa ga hukuma. Sauran fursunoni sun tsane shi, suna kuma ƙaunar Sonya, 'yar Marmeladov, da ta biyo shi. Abin da ya faru a ƙarshe shi ne ya faɗi a gabanta a bakin kogi yana kuka, ba tare da ya san abin da ya tunkuɗa shi ba, kuma wannan ya bi tsarin da na ambata tun farko, cewa alherinsa yana riga tunaninsa zuwa. Linjilar da ta ba shi tana ƙarƙashin matashinsa, ya ɗauko ta a daren amma bai buɗe ba. Saura shekara 7 a gabansa, kuma Dostoevsky ya ce sabuntuwarsa a hankali labari ne na wani littafi dabam.

Malama Rabi:
Kuma wannan littafin bai taɓa rubuta shi ba. Da ya so ya zana mutumin kirki tsantsa, wato Yarima Myshkin, a littafin da ya biyo baya, sai ya ƙare da mayar da shi asibiti a Suwizalan hankalinsa ya gushe, matar da ya so ya ceta kuma an kashe ta. Ina ganin Malam Habibu yana da hujja a nan, ko da yake ba ita ce hujjar da ya fara da ita ba. Ina so in ji ko akwai wanda zai kawo mana tsohon littafi guda da ya bi tubar mutum mataki-mataki da irin haƙurin da ake bin lalacewarsa. Valjean ne kaɗai ya zo mini, shi ma Hugo ya tsallake shekarun da ke tsakanin daren Petit Gervais da zamansa magajin gari a cikin 'yan shafuka.